Ƙofa Ta Faɗi

Litinin, 8 ga Agusta, 1603, da hantsi

Sun gama buga ƙusoshin a ƙofar gida. Ina ciki ina jin gudumar har cikin haƙorana. Da suka tafi na zura kai ta tagar sama, na hango jan gicciyen, alamar annoba, a jikin ƙofarmu, fentin bai ko bushe ba. Wanda ya rubuta "Ubangiji ka ji tausayinmu" a ƙarƙashinsa a gurguje ya yi shi, ban kuwa ga laifinsa ba.

Mu uku muka rage tun da amalanken gawa ya ɗauki mijin Dorcas jiya: ita uwar gidan, da Osmund, da ni Lambert. Shekara da shekaru ni da Osmund muna haya a nan, muna wasan kwaikwayo a dandali ɗaya a bakin kogi, amma ban taɓa wuni da shi cur ba. Allah ya yi ta kiyaye ni sai yanzu. Shi ne sarki, shi ne janar, shi mata ke yi wa kuka. Ni ne wawan da 'yan kallon tsaye ke jifa da ragowar tuffa.

An ajiye mana mai gadi a bakin ƙofa, sunansa Giles, da mashinsa. Ya ce duk abin da muke so mu sauko da kwando ta taga. Na ce fita nake so. Ya ce wannan ba ta shiga kwando.

Laraba, 10 ga Agusta, da rana tsaka

Ba abin yi, sai muka koma haddar sabon wasan da aka raba mana kafin a rufe gidajen wasa. Na mutanen Rum na da ne, kamar kullum. Yanzu a Landan in ba ka kashe Barume ko ɗaya ba kafin faɗuwar rana, to ba ka yi wasa ba. Marubucinmu ɗan jami'a ne, ya tono labarin daga tsofaffin littattafan Latin, ya yayyafa masa jini, sannan yana jin an fara mutuwa a unguwa ya tattara komatsansa ya yi ƙauye.

Osmund ne Torbanus, janar ɗin da abokan gaba suka yi wa birninsa ƙawanya. Ni bawansa ne. A ƙarshe zan shigo a guje in kawo labari, shi kuma ya yi dogon jawabi ya soka wa kansa wuƙa, don kada a ja shi a titi da sarƙa.

Iyakar abin da na sani ke nan, don a sana'armu ba a ba ɗan wasa wasan duka. Kowa naɗin takardarsa ake miƙa masa, maganarsa shi kaɗai, da kalmomi uku na ƙarshe na wanda zai yi magana kafin shi. Wutsiya muke ce musu. Ka ji wutsiyarka, ka buɗe baki. Ba ka ji ba, ka tsaya ƙiƙam ko da rufin dandali na ci da wuta. Wutsiyar jawabin mutuwar Osmund a bakina take: "ƙofa ta faɗi."

Yau ya yafa zanin gadon Dorcas a kafaɗa yana zagaya madafa.

"Malam Osmund, zanin gadona ne fa wannan."

"Rigar manyan Rum ce, uwar gida."

"To ka gaya wa manyan Rum ni ke wanki."

Ita ce magana mafi tsawo da ta yi tun ranar Lahadi.

Juma'a, 12 ga Agusta, da yamma

Giles ya doki ƙofa da gindin mashi. "Kai, ɗan wasa! Wa ke ta kiran Rum, Rum a ciki? Mutanen Paparoma kuka ɓoye?"

Na leƙo na ce, "Wata Rum ce daban, ta da can, tun kafin a san Paparoma."

"Su me suke bautawa?"

"Gumaka. Arna ne."

"Af, to da sauƙi," in ji shi, ya koma ya zauna.

Osmund bai yi dariya ba. Ya ce mutanen Rum ba sa kuka, ba sa gudu, in ƙaddara ta zo gyara riga suke yi su tarbe ta. Latin ɗin da ya sani bai cika cokali ba, amma in yana wannan magana sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya. Haushinsa nake ji, gidan kuma ya yi mana kaɗan.

Lahadi, 14 ga Agusta

Ƙararrawa tun safe. Ba ta kiran ibada ba, ɗayar, ta mutuwa.

Talata, 16 ga Agusta, da safe

Osmund bai sauko karin kumallo ba.

Talata, da yamma

Bai sauko ba.

Laraba, 17 ga Agusta, da hantsi

Na hau da romo. Ƙofar ɗakinsa a garƙame.

"Lambert."

"Na'am."

"Kumburin ya fito. A hammata. Ya kai ƙwan kaza. Kada ka shigo, na saka sakata."

"Wa ya ce maka shigowa zan yi? Ɗakinka wari yake tun kana lafiya."

Na zauna a matakala da kwanon a cinya. Ya ce ya ga yadda mijin Dorcas ya ƙare, yana ihu, yana yagar riga, bai ko gane matarsa ba. Shi ba zai tafi haka ba. Wuƙa na hannunsa, kuma ba ta wasa ba ce mai shigewa cikin ƙota, ta gaske ce wadda ubansa ya bar masa.

Na ce, "Osmund, mutanen Rum arna ne. Kai a cocin nan na bayanmu aka yi maka baftisma. Ka san inda ake kai wanda ya yi wa kansa haka. Mararraba, a kafa masa turke a ƙirji, ba addu'a, ba komai. Kuma wannan na duniya ne, ban ma taɓo na can ba."

"Ba wa'azi na kira ka ba, wawa. Wutsiya nake so."

"Wace wutsiya?"

"Zan yi shi yadda aka rubuta. Jawabin nan ban taɓa samun irinsa ba, kuma ba zan taɓa yin sa a dandali ba. Ka shigo da labarinka daga bayan ƙofa, ka ba ni kalmomina uku, in yi jawabina, in gama. Kai ne 'yan kallona."

Nan na gane abu ɗaya. Mutumin nan tun da nake bai taɓa buɗe baki kafin wutsiyarsa ba. Akwai ranar da wani ya manta tasa, Osmund ya tsaya a dandali da takobi a sama, jama'a na ihu suna jifa, bai motsa ba har sai da aka raɗa wa wancan. Abin alfaharinsa ke nan. Ni kuwa abin da ya tsane ni a kai tsawon shekaru shi ne ba na tsayawa a kan abin da aka rubuta mini.

Na ce, "To, ranka ya daɗe. Amma daga farkon shigowata za mu fara."

Na miƙe, na yi haki irin na wanda ya sha gudu. "Ranka ya daɗe, daga bakin ganuwa nake! Labari na kawo! Amma kafin nan, bari ka ji abin da ya same ni a hanya. Ina wuce kasuwa sai ga wata mai sayar da kifi..."

"Babu mai kifi a wasan nan!"

"Ka ga takardata ne?"

Na matso jikin ƙofar.

"Kai taka aka ba ka, ni tawa. Ina ka san abin da ɗan jami'a ya rubuta mini?"

Gaskiya ce kuwa. Na ja labarin mai kifin nan har rana ta yi tsaka. Da na ji numfashinsa ya sauya, barci ya ɗauke shi, na ajiye romon na sauko. Muryata ta dushe.

Alhamis, 18 ga Agusta, da yamma

Mai kifi ta kai ni ƙara gaban alƙalin Rum. Alƙalin kurma ne. Shaidu sun zo, ɗaya agwagwa ce. Osmund ya zage ni, ya zagi uwata, ya zagi garin da aka haife ni, ya ce a Rum babu irin kifin da nake faɗa, na kogin nan ne. Na ce shigo da shi ake yi.

Ya sha rabin romon. Na ga kwanon.

Juma'a, 19 ga Agusta, da rana tsaka

Ƙarya ta fara ƙare mini. Na tsaya ina lalube, sai na ji murya a bayana.

"Kai ɓarawon kifi! Ka zaci na manta da kai?"

Dorcas ce, da tsintsiya a hannu, a ƙasan matakala. Mace a cikin wasa, abin da ba a taɓa yi ba a Ingila. Ta wanke ni tas, ta ce bawan janar ba shi da kunya, ubangidansa ma zanin gadon mutane yake yafawa. Daga bayan ƙofa na ji wani sauti, na ɗauka shaƙewa yake. Dariya ce, har ta rikiɗe ta zama tari.

Giles ma ashe yana ƙarƙashin taga. Da na sauko da kwando ya ce, "To ɗan wasa, alƙalin ya ɗaure ka ko kuwa?"

Na ce ya jira gobe. Ya ƙara mana guntun cuku a kan burodin.

Ni dai na san Osmund ya san ƙarya nake yi. Shi ma ya san na sani. Wuƙar tana hannunsa, ba wanda ya riƙe masa hannu, zai iya yi ba tare da ni ba. Bai yi ba. Wannan kaɗai nake riƙewa.

Asabar, 20 ga Agusta, da safe

Yau ba dariya.

Na fara, "Ranka ya daɗe," ya katse ni. Muryar ba tasa ba ce, ta wani tsoho ce da ban sani ba.

"Lambert, bari. Kamar ana soka mini ƙarfe mai zafi. Don Allah."

Bai taɓa ce mini don Allah ba. Ko gishiri yake so a tebur umarni yake bayarwa.

"Kalma uku ne kawai. Me na yi maka? In don ranar da na sa aka rage maka fitowa ne, ka yafe mini."

Na jingina goshina da katakon. Ina jin nishinsa ta tsagar ƙofa. Na tambayi kaina wai ni wane ne da zan riƙe mutum a cikin wannan azaba. Ransa nake ceto, ko kuwa tsoron zama ni kaɗai nake yi? Ban san amsa ba, har yanzu da nake rubutun nan ban sani ba.

Na buɗe baki. "Ranka ya daɗe, ƙofa ta fa..."

Na ji ya ja numfashi, irin jan da yake yi kafin babban jawabi. Na ji gado ya motsa.

"...ta fara tsufa. Gara ta cinye gindinta. Na daɗe ina cewa a kira kafinta."

Abin da ya kira ni ba zan saka a takarda ba. Daga baya ya yi kuka. Barume ya yi kuka, ni kuma ina wannan gefen ina tayawa, na toshe baki da hannun riga don kada ya ji.

Asabar, da yamma

Na tsani mutanen Rum. Na tsani ɗan jami'a da littattafansa. Yana can ƙauye yana shan madara, ya bar mana matattunsa a gida.

Lahadi, 21 ga Agusta, da hantsi

Sambatu yake yi. Yana ba sojoji umarni, yana kiran wata Marjori, ina jin ƙanwarsa ce da ta rasu tun suna yara. Bai taɓa romon ba, bai taɓa ruwan ba.

Can sai na ji ƙarar sakata. Ya zare ta.

Dorcas ta riƙe mini riga. "Malam Lambert, in ka shiga kai ma ka tafi. Wa za ku bar mini?"

Na ce, "Uwar gida, iskar gidan nan ɗaya ce, sama da ƙasa." Ta sake ni, ta miƙo mini tsumma da ta jiƙa da ruwan tsami in toshe hanci.

Na same shi a ƙasa kusa da ƙofa, na mayar da shi gado. Ba shi da nauyi. Zanin Dorcas yana kafaɗarsa har yanzu, wuƙar tana hannun dama. Na gwada ɓamɓare yatsun, kamar an ƙera su da ita. Na ba shi ruwa da cokali.

Litinin, 22 ga Agusta, da safe

Ya farka da hankalinsa garau. Dorcas ta ce haka ciwon yake yi dab da ƙarshe.

Ya dube ni ya ce, "Wawa, ka shigo. Na ce kada ka shigo."

"Ba ya cikin takardata."

Ya ɗan murmusa. Ya kalli hannunsa, ya buɗe yatsun da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya ture wuƙar ta faɗi ƙasa.

"Ɗauke ta, ta yi mini nauyi. Mutanen Rum ɗin nan ban san da wane hannu suke yi ba." Ya huta. "In limamin coci ya zo bakin taga, ka ce ina so. Amma kafin nan ka ba ni wutsiyata. Jawabin kawai."

Na miƙa wa Dorcas wuƙar a bakin ƙofa. Na buɗe taga saboda Giles. Na fita ɗakin, na sake shigowa a guje ina haki, na durƙusa, na faɗi maganata yadda aka rubuta ta, ban ƙara ko wasali ba. Gajeriya ce ashe. Na kai ƙarshe na ba shi kalmominsa uku.

Ya ja numfashi ya fara.

Ban taɓa jin jawabin ba sai yau. Na zaci cika baki ne da sunayen gumaka. Akwai su da farko, amma daga baya janar ɗin ya juyo yana yi wa bawansa magana, yana tuna masa wani lokacin sanyi da suka yi a sansani suna raba bargo ɗaya. Osmund bai ɗaga murya ba, ba shi da ita. Ina kallonsa yake yi. A titi ba ka jin motsin kowa.

Bai kai ƙarshe ba.

Litinin, da yamma

Limami ya zo, ya tsaya tsallaken titi ya yi addu'ar.

Talata, 23 ga Agusta

Amalanken ya bi ta hanyar coci. Na bi shi da ido har ya sha kwana, don in tabbata. Harabar coci, da addu'a, kamar kowane Kirista. Abin da na nema ke nan, na samu. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Giles ya cire hula da aka fito da gawar Osmund. Ya ce lissafin kwanakin kullen ya koma farko, haka dokar take. Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Alhamis, 25 ga Agusta

An ƙona katifa da zanin da duk abin da ke ɗakin. Naɗin takardarsa yana ƙarƙashin matashi, ya tafi da su. Ban tuna ba sai da hayaƙi ya tashi.

Litinin, 29 ga Agusta

Na shafa hammata. Ba komai.

Alhamis, 1 ga Satumba

Kwando ya sauka, kwando ya hau.

Litinin, 12 ga Satumba, da rana tsaka

Ba komai a hammata. Dorcas ma ba komai. Muna cin abinci a tebur ɗaya, mu biyu. Gidan da ya yi mana kaɗan yanzu ya yi mana yawa.

Na warware takardata yau. Bayan jawabin janar akwai sauran magana ɗaya ta bawa, ita ce ta ƙarshe a naɗin. Wutsiyarta "je ka abinka." Wato da haka jawabin ke ƙarewa, janar ya 'yanta bawansa kafin ya mutu. Osmund ya san da wannan tun farko, bai taɓa gaya mini ba. Saura nawa ya rage masa ya kai wurin, ban sani ba, kuma babu inda zan duba.

Litinin, 26 ga Satumba

Ƙararrawa ta ragu, in ji Giles. Ni ban lura ba.

Juma'a, 7 ga Oktoba, da hantsi

Sun zo da ƙarfen zare ƙusa. Aka kankare gicciyen, aka ja ƙofar, haske ya shigo har kan matakala. Dorcas ta ɗauki tulu ta fita ba ta ko waiwaya ba, ta ce so take ta ɗebo ruwa da hannunta.

Ni na tsaya a bakin ƙofa. Titin yana nan yadda yake, sai ciyawa da ta fito tsakanin duwatsu. Gidajen wasa har yanzu a rufe, abokan wasanmu an ce suna yawo a garuruwan arewa, waɗanda suka rage.

Giles ya saɓa mashinsa a kafaɗa. Ya ga na ƙi motsi.

"To ɗan wasa, me kake jira kuma? An sallame ka. Je ka abinka."

Bai san abin da ya faɗa ba. Ni ma ban yi niyya ba, bakina ne ya buɗe da kansa, gwiwata ta kai ƙasa kafin in ankara.

"In je ina, ranka ya daɗe?"

Ɗan jami'a ya saka ta ne a ƙarshen takardata don a yi dariya. Giles ya tsaya yana kallona, ya sauke mashin, bai yi ba.

Juma'a, da yamma

Ƙofar a buɗe take tun hantsi. Ina zaune a matakala.